Uba a Bakin 'Ya'yansa: Sharhi Kan Waƙar Gewaye da Tabbat Haƙiƙa

Da wuya mako ya ƙare ba mu ci karo a waya da rubutun wani ko wata mai tuna rasuwar mahaifi ba. Za a sa hoton dattijo cikin babbar riga, a faɗi shekarun da ya yi da barin duniya, sannan a jero halayensa: mai haƙuri ne, mai zumunci ne, mai tsoron Allah ne, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Mukan amsa da addu'a, kuma haka ya dace. Amma da za mu jera irin waɗannan rubuce-rubuce guda goma mu rufe hotunan, da ƙyar za mu iya cewa wannan uban wane ne, wancan na wane ne. Babu shakka mai rubutun yana ƙaunar mahaifinsa. Kalmomin da ya ɗauko ne suka riga suka gama gari, har ba su iya riƙe kamannin mutum guda.

Wannan matsala ce ta adabi, kuma ta daɗe. Ta yaya ɗa zai rubuta mahaifinsa da ya rasu har wanda bai taɓa ganinsa ba ya san shi? A ganinmu, ɗaya daga cikin amsoshi mafi ƙarfi da adabin Hausa ya bayar ta fito ne daga gida guda a Sakkwato, daga hannun ya da ƙaninta, wato Nana Asma'u da Isa, 'ya'yan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Waƙoƙi biyu za mu duba, Waƙar Gewaye da Tabbat Haƙiƙa, kafin mu juyo ga abin da suke nuna wa masu alƙalami a Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, inda wannan tambaya ta fi ƙarfin a ce ta masu nazari ce kaɗai.

Wadda ta gani da wanda bai gani ba

An haifi Asma'u a Degel a 1793. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, saboda haka ƙuruciyarta ta ƙare ne a sansani, tsakanin ƙaura da yaƙi da yunwa. Lokacin da Shehu ya rasu a Sakkwato ranar 20 ga Afrilun 1817, tana da kusan shekara 24, tana auren Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta san muryar mahaifinta, ta san zamansa a wurin karatu, ta san yadda yake tafiyar da gidansa.

Shi kuwa Isa, wanda aka fi sani da Isan Kware ko Autan Shehu, an haife shi ne bayan rasuwar Shehu. Bai taɓa zama a gabansa ba, bai taɓa jin ya kira sunansa ba. Duk abin da ya sani game da mahaifinsa a bakin mutane ya ji, ko a takarda ya karanta.

Ke nan a gida ɗaya an sami marayu iri biyu: mai ɗauke da tunani a ka, da wanda sai an ba shi labari. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda aikin ɗaya ya zama abincin ɗayan. Asma'u ta rubuta, Isa ya karɓa ya mayar Hausa, mu kuma muka gada ta hannunsa.

Gewaye: uba a kan hanya

Asma'u ta tsara waƙar da Fulatanci a 1839, da sunan Filitago. Shekara 22 ke nan da rasuwar Shehu, shekara biyu kuma da rasuwar yayanta Bello a Wurno. Isa ya fassara ta zuwa Hausa a 1865, bayan ita ma ta riga mu gidan gaskiya, kuma wannan fassarar ce ake kira Waƙar Gewaye.

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi shi ne waƙar ba kuka ba ce. Asma'u gwanar marsiyya ce. Ta yi wa baffanta Abdullahi na Gwandu, ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa ƙawarta A'isha, har maƙwabciyarta Halima ta yi wa waƙar alhini da Hausa. Da ta so ta zubar da hawaye kan mahaifinta a baitoci, ba ta rasa kayan aiki ba. Amma a Gewaye sai ta zaɓi ta bi sawunsa. Sunan waƙar kansa ya faɗi tsarinta: tafiya ce daga mataki zuwa mataki, tun daga wa'azi da karantarwa, zuwa hijira, zuwa yaƙe-yaƙe, zuwa zama a Sakkwato da rasuwa, har ta zarce cikin zamanin Bello.

Idan muka tuna tarihin da waƙar ta hau, za mu ga dalilin da sunayen wurare suka isa su ɗauki nauyin labari. Gudu na nufin barin gida da littattafai a bayan dabbobi. Tafkin Kwatto na nufin nasarar farko a kan rundunar Gobir a watan Yunin 1804. Tsuntsuwa, a ƙarshen wannan shekara, na nufin asara mai ciwo, inda aka ruwaito mahaddata Alƙur'ani kusan 200 na cikin waɗanda suka kwanta dama. Sabon Gari a ƙasar Zamfara, a 1805, na nufin zaman yunwa da ƙarancin abinci. Daga nan sai Gwandu, sai faɗuwar Alƙalawa a 1808, sai Sifawa, sai Sakkwato a 1815. Ga wanda ya yi wannan tafiya da ƙafarsa, kowane suna ƙulli ne, da an taɓa shi sai abin da ke ciki ya zubo. Ga wanda bai yi ta ba, kamar Isa, sunayen taswira ce da zai iya bi ya tambayi tsofaffi: me ya faru a nan?

Mutanen arewacin Zamfara ba baƙi ba ne a wannan taswira. Abdullahi ɗan Fodiyo ya faɗa a Tazyinul Waraƙat cewa sun yi kimanin shekara biyar suna wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi. Fulani Alibawa na yankin Zurmi suna cikin waɗanda suka mara wa Shehu baya, kuma Muhammadu Namoda, wanda Ƙauran Namoda ta ci sunansa, yana cikin jagororin rundunar da ta ci Alƙalawa. Ɗan Zurmi da ya saurari Gewaye yana jin labarin ƙasar da yake takawa ne.

To me wannan tsari ya saya wa waƙar? Abu uku muka gani. Na ɗaya, siffa irin su haƙuri da juriya kowa na iya liƙa wa kowa, amma hanya ta mutum ɗaya ce. Ba sai an ce mana Shehu mai juriya ne ba, tunda mun gan shi ya tashi daga Tsuntsuwa bai watsar da jama'arsa ba. Na biyu, Asma'u ta ɗora rayuwar mahaifinta a kan ma'aunin da ya fi kowane girma a wurinta, wato tarihin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi: kira, tsangwama, hijira, yaƙi, nasara. Shugabannin jihadi da kansu sun kwatanta Kwatto da Badar. Ta haka take gaya wa mai sauraro ma'anar rayuwar mahaifinta ba tare da ta tsaya yin dogon bayani ba. Na uku shi ne zaɓin harshe da siga. Bello ya riga ya rubuta tarihin jihadi da Larabci a Infaƙul Maisuri tun 1812, Giɗaɗo kuma ya tattara labaran karamomin Shehu a Raulul Jinani. Waɗannan na malamai ne. Asma'u ta zuba nata a waƙa, da harshen gida, yadda mace za ta haddace tana daka ko tana kaɗi. Isa ya ƙara faɗaɗa ƙofar da ya mayar da ita Hausa, harshen da mafi yawan talakawan daular ke ji.

Yana da kyau mu auna wannan da wata hanyar ambaton uba da kunnenmu ya fi sabawa da ita a wannan yanki, wato ta makaɗan fada. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da sauran takwarorinsa, sukan ambaci uba da kaka ne don su ɗaga ɗan da ke kan gado. A can, sunan uba tsani ne da ɗa ke hawa, hujja ce cewa sarautar ta dace da shi. Wannan fasaha ce mai zaman kanta, kuma babu mai raina ta. Sai dai a Gewaye abin ya juya. Mai waƙar ta ja da baya ƙwarai, har mai sauraro na iya mantawa 'yar wanda ake magana a kai ce ke magana. Yawancin rubutun tunawa da muke gani a yau sun fi kusa da hanyar fada, ko da masu su ba su ankara ba: ana ambaton mamaci, amma hasken yana kan mai rubutu da zafin da yake ji.

Tabbat Haƙiƙa: hannu uku a waƙa ɗaya

Idan Gewaye ta nuna mana yadda ake ba da labarin uba, Tabbat Haƙiƙa ta nuna yadda ake ci gaba da maganarsa. Shehu ne ya tsara ta da Fulatanci. Asma'u ta mayar da ita Hausa a 1831. Daga baya Isa ya yi mata tahamisi.

Waƙar gargaɗi ce, kuma kaifinta ya fi karkata ga masu iko: sarkin da ke zaluntar talakawansa, alƙalin da ke karɓar rashawa, mai ƙwace haƙƙin wani, mai algus a ciniki. Tana jero laifi, tana faɗin makomar mai yin sa a Lahira. Mu duba lokacin da Asma'u ta fassara ta. Shekara 14 ke nan da rasuwar Shehu. Waɗanda a da ake kora daga gari zuwa gari, su da 'ya'yansu ne yanzu ke riƙe da tutoci da kotuna da baitulmali. Cikin tarin abin da mahaifinta ya bari, ta ɗauko wadda ke tsawata wa masu mulki, ta sa ta a harshen da talaka zai ji ya kuma iya maimaitawa. A karatunmu, wannan zaɓi ya fi kowace marsiyya nuna abin da ta ɗauka a matsayin gado. Ta mayar da muryar uban cikin gari a daidai lokacin da danginta da abokan mahaifinta suka fi bukatar jin ta.

Aikin Isa kuwa sai mun tuna yadda tahamisi yake kafin mu ga nauyinsa. Mai tahamisi yakan tarar da baiti mai ɗango biyu, sai ya ƙara ɗango uku nasa a sama, baitin ya koma ƙwar biyar. Ba shi da ikon zaɓen karin waƙa, domin an riga an zaɓa. Ba shi da ikon zaɓen amsa-amo, dole ɗangwayensa uku su bi amon ɗangon farko na mai asali. Ba shi kuma da maganar ƙarshe, domin kowane baiti da kalmomin mai asali yake rufewa. Duk da haka, shi ne ke share fage, shi ke kawo misali, shi ke jan mai sauraro har ya kai shi bakin maganar da aka gada.

Yanzu mu ɗora wannan a kan mutumin da bai taɓa hira da mahaifinsa ba. A kowane baiti Isa yana magana sau uku, sannan ya yi shiru mahaifinsa ya ƙarasa, ta bakin yayarsa. Ba mu san wata siga a adabinmu da ta kama ma'anar tasirin uba kamar wannan ba. Ɗa yana da nasa kalmomin, har sun fi na uban yawa, amma kari da amo daga uban suke. Masu cewa kyan ɗa ya gaji ubansa sau da yawa kujera ko dukiya suke nufi. Isa ya gaji awon magana.

Gadon da ya fita daga takarda

Tasirin Shehu a kan Asma'u bai tsaya a baitoci ba. A littafinsa Nurul Albabi, Shehu ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Tun a zamanin wa'azinsa na Zamfara, wani malami ɗan Barno, Mustafa Gwani, ya aiko masa da waƙa yana neman ya hana mata zuwa wurin wa'azi. Shehu ya sa Abdullahi ya mayar da amsa a waƙe, inda ya nuna barin mata cikin jahilci ya fi muni. An yi wannan kafin a haifi Asma'u, amma ita ce ta zama cikar amsar.

Ita ta kafa tsarin 'yan taru. Takan naɗa mace mai hankali da natsuwa a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, jajin kuma ta riƙa jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su koyi waƙoƙin karatu su koma su koyar. Bayan rasuwarta 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da riƙon tsarin. Hadisi ya ambaci abu uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a. Asma'u ta haɗa na biyu da na uku a aiki ɗaya. Kabarinta yana Hubbare a Sakkwato, kusa da na mahaifinta.

Abin da waƙar ta bari a rufe

Sharhi ba ya cika sai an faɗi inda aiki ya tsaya. Abu biyu ne ke damun mu a Gewaye.

Na farko, mun sami Shehu, jagoran jama'a, amma uba na cikin gida ya ɓuya. Mai karatu na yau zai so ya ji yadda yake yi wa 'ya'yansa magana, abin da ke ba shi dariya, yadda ya rarrashi yarinyar da ta rasa mahaifiyarta tana ƙarama. Asma'u ta san duk wannan. Kunya irin ta gidan malamai, da girman matsayin wanda ake magana a kai, da manufar waƙar ta karantarwa, su suka rufe wannan ƙofa. Muna fahimtar dalilin, amma asarar tana nan. Marubucin yau da mahaifinsa manomi ne ko maƙeri ko direba ba shi da wannan takunkumi, kuma bai kamata ya ɗora wa kansa shi ba.

Na biyu, waƙar ta masu nasara ce. Alƙalawa a cikinta buɗi ne daga Allah. Amma a ƙasashen Isa da Sabon Birni da Shinkafi akwai jikokin Gobirawa, kuma a wurin kakanninsu wannan rana ce ta rushewar birni da mutuwar Sarki Yunfa da tarwatsewar iyalai. Waɗanda suka faɗi a wancan ɓangaren ma iyayen wasu ne. 'Ya ba za ta rubuta tarihin mahaifinta daga bakin abokan gabarsa ba, kuma ba mu nemi haka daga gare ta. Abin da muke cewa shi ne mai karatu ya riƙa tunawa cewa duk wanda ya rubuta ubansa, shaida ce ta mai ƙauna yake bayarwa. Ƙimarta na nan, iyakarta ma na nan.

Zurmi a yau

A watan Yunin 2021, 'yan sanda sun tabbatar da cewa 'yan bindiga sun kashe mutum 53 a wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Zurmi, ciki har da Kadawa da Kwata da Maduba. Wannan hari ɗaya ne cikin masu yawa da yankin ya gani. A labarai, lamba ce ta rage. Sunan kowane mamaci, da gonarsa, da sana'arsa ta rani, da irin nasihar da yakan yi wa 'ya'yansa, suna bakin iyalinsa ne kawai. Iyalan nan kuwa da yawa sun bar ƙauyukansu, wasu suna cikin garin Zurmi ko Shinkafi, wasu Ƙauran Namoda ko Gusau, wasu sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi.

A irin waɗannan gidaje ana sake samun marayu iri biyun nan. Akwai yaya mai shekara 15 ko 20 da ta san uban, ta san hanyar gonarsa, ta kuma yi gudun hijira da ƙafarta. Akwai ƙaramin da aka bari a ciki ko a goye, wanda zai girma a garin da ba nasu ba, bai san uban ba, bai san ƙauyen ba. Idan abin da za a miƙa masa shi ne cewa mahaifinsa mutumin kirki ne mai haƙuri, to an ba shi abin da ake ba kowa.

Nan ne muke ganin amfanin komawa ga Asma'u da Isa, musamman ga matasan marubutanmu na gajerun labarai da waƙa. Daga Gewaye za a koyi rubuta hanya: ƙauyen da aka haife shi, wurin wanda ya yi karatun allo, fadamar da yake noman rani, ranar da yakan kai kaya kasuwar Shinkafi, shekarar da fari ya sa ya tafi ci-rani da garin da ya sauka, daren da aka tashi da inda aka fara kwana. Daga Tabbat Haƙiƙa za a koyi adana maganarsa yadda ya faɗe ta, da karin harshensa na Zamfarci, ko da maganar mai ɗaci ce, ko da ta taɓa 'yan gida. Daga gibin da muka nuna kuma za a koyi shigar da abin da kunya ta hana magabata faɗa: fushinsa, barkwancinsa, ranar da ya yi kuskure ya gyara. Uban da aka rubuta ba shi da aibi ko ɗaya, yaro zai girmama shi, amma ba zai san ta inda zai yi koyi da shi ba.

Wayar da ke hannunmu ta isa wannan aiki. Tana ɗaukar murya, tana ajiye rubutu, kuma tsofaffin da suka san mamatan suna raye tukuna. Asma'u ta yi shekara 22 kafin ta tsara Filitago, amma tana zaune ne cikin mutanen da suka yi tafiyar tare, ga kuma takardun mahaifinta a gida. Wanda ƙauyensu ya watse ba shi da wannan sararin, domin masu ba da labarin suna warwatse, kuma kowace shekara ana rasa wasu.

Allah ya jiƙan Shehu da zuriyarsa, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya raya marayun da suka bari, ya dawo da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.